Gajere Ba Yaro Ba Ne: Wadan Fayin Da Lambun Hunturu A Ƙasashen Sanyi

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san cewa ba a yabon lambu a lokacin da kowace ciyawa take kore. Idan ruwa ya wadata, rana kuma ta yi daidai, ko malalaci ma lambunsa yakan yi kyau. Ana gane mai lambun kirki ne a watan da ƙasa ta ƙi, furanni suka ƙare, ganye ya zube. A ƙasashen sanyi irin su Ingila, Jamus, Holand, Kanada da arewacin Amurka, wannan lokaci yana farawa daga watan Nuwamba har zuwa Maris. A cikin wannan rubutu muna so mu yi magana a kan wani ƙaramin itace da masu lambu na can suke dasawa domin waɗannan watanni, wato wadan itacen fayin. Ra'ayinmu shi ne, wannan itace ya cancanci kuɗinsa da shekarun da ake jiransa, amma fa ga wanda ya yarda ya bi sharuɗansa guda uku kaɗai. Wanda ya ƙi sharuɗan nan, ya yi hasarar kuɗi, ya yi hasarar fili, ya kuma yi hasarar shekaru goma da ba za su dawo ba.

Da farko ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da hunturu a can, domin sunan ne kawai ya zo ɗaya da namu. Hunturunmu iska ce da ƙura da sanyin safiya, da hantsi kuwa rana ta fito ta gasa baya. A birnin Landan, a ranar 21 ga Disamba, tsawon yini ba ya kai awa 8, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, alhali a nan wurinmu yini mafi gajarta ya fi awa 11. A wurare da yawa ƙasa takan daskare ta yi tauri kamar dutse, dusar ƙanƙara ta rufe ta. Yawancin itatuwa sukan zubar da ganyensu ƙaf, su tsaya tsirara har wata biyar. Mutum yakan leƙa ta taga ya ga launi biyu ne kawai, toka-toka da ruwan ƙasa. Ga tsoho ko marar lafiya wanda sanyi ya tsare a ɗaki, abin da yake gani ta tagar nan shi ne dukan lambunsa. Saboda haka neman launi a hunturu ba wasan masu kuɗi kaɗai ba ne, kamar yadda wasu za su yi zato.

To, mene ne fayin? Iyali ne na itatuwa fiye da iri 100, waɗanda masana suke kira Pinus. Ganyensu sirara ne kamar allura, ba su zubar da shi gaba ɗaya a kowane lokaci na shekara, irinsu kuma yana ɓoye ne cikin wani kwanso mai ɓawo-ɓawo. A nan muna so mu jawo hankalin ɗalibanmu ga wani kuskure da ya zama ruwan dare. Dogon itacen nan da ake dasawa a gefen hanyoyi da harabar makarantu, mai yin fito idan iska ta kaɗa, wanda mutane da yawa suke kira fayin, kasharina ne, asalinsa daga Ostareliya da gaɓar tekun kudu maso gabashin Asiya, ba ya kuma cikin wannan iyali. Gwajin mai sauƙi ne. Ku tsinko abin da kuke zato allura ce, ku ja ta. Idan ta rabu gaɓa-gaɓa kamar kara, kasharina ce. Allurar fayin na gaske ba ta da gaɓa, tana fitowa ne a ɗaure, bibbiyu ko uku-uku ko biyar-biyar, da ɗan kube a gindinsu. Wanda ya iya ƙirga alluran nan ya yi rabin hanyar sanin irin fayin da ke gabansa.

Yawancin wadannin da ake sayarwa domin lambu sun fito ne daga iri ɗaya, wato fayin na tsauni, Pinus mugo. Gidansa na asali manyan duwatsun Turai ne: Alfs, Firenis, Kafatiya, da duwatsun Italiya da na Balkan, galibi tsakanin mita 1,000 da mita 2,200 bisa teku, a wurin da sauran itatuwa suke fara karaya. A can ba ya miƙewa sama kamar 'yan'uwansa. Yakan kwanta ne ya bazu, rassansa masu lanƙwasuwa, dusar ƙanƙara ta danne su wata da watanni, idan ta narke su sāke ɗagowa. Saiwoyinsa suna riƙe ƙasar gangare, rassansa kuma suna rage zamewar ƙanƙara zuwa ƙauyukan da ke ƙasa. Alluransa bibbiyu ne, tsawonsu santimita 3 zuwa 7, yana kuma jure sanyin da ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifiri. Mun tsaya a kan asalinsa ne domin dukan abin da za mu faɗa game da renonsa daga nan ya fito. Itacen da ya tashi a cikin tsakuwa, a fili, a ƙarƙashin rana mai ƙarfi da iska mai sanyi, ba zai canza halinsa ba don kawai an kai shi bayan gidan wani a birni.

Amma fayin na tsauni a yadda yake a daji ba ƙarami ba ne, yakan kai mita 3 zuwa 6. Ta yaya aka sami wada? Hanya biyu ce. Wani lokaci a cikin dubban tsirrai da aka shuka daga iri, sai a ga guda ɗaya ya ƙi tsawo, ya dunƙule. Wani lokaci kuma a kan babban itace sai reshe ɗaya ya sami canji a cikin ƙwayoyin gadonsa, ya tsiro cunkus kamar sheƙar tsuntsu. Turawa suna kiran wannan dunƙule tsintsiyar mayya. Masu renon itatuwa sukan hau su yanko shi, su aura shi a kan wani gindi, sai ya ci gaba da halinsa na gajarta. Ɗaya daga cikin sanannun wadanni shi ne 'Mops', wanda aka zaɓo a garin Boskoop na ƙasar Holand a 1951. Sunan na wani ƙaramin kare ne mai dunƙulalliyar fuska, itacen kuwa kewayayye ne kamar ƙwarya a kife. Ƙungiyar masu sha'awar irin waɗannan itatuwa ta Amurka, wadda aka kafa a 1983, ta ajiye ma'auni: ana kiran itace wada idan yana ƙaruwa da santimita 2 da rabi zuwa 15 a shekara. Mu lura da kyau, ma'aunin na saurin girma ne. Wada ma yana girma, sannu a hankali ne kawai, ba ya kuma dainawa muddin yana da rai.

Yanzu sai batun launi, wanda shi ne zuciyar maganarmu. Akwai wadannin da suke kore duk shekara, wannan ma alheri ne a cikin watan Janairu. Amma akwai waɗanda suke yin abin mamaki: daga Afrilu zuwa Satumba kore ne kamar kowa, da zarar sanyi ya kama sai su juye su zama ruwan zinariya, sanyi na ƙaruwa launin na ƙara ƙarfi. A cikinsu akwai 'Carsten' daga Jamus, da 'Winter Gold', da 'Ophir', wanda aka raɗa masa sunan Ofir, ƙasar nan da jiragen Sarki Sulemanu suke ɗauko zinariya. Ɗaliban kimiyyar halittu za su gane dalilin. Ganye yana kore ne saboda sinadarin kulorofil, wanda yake kama hasken rana domin dafa wa itace abinci. A ƙarƙashin koren nan akwai wasu sinadarai masu launin rawaya, dangin wanda yake ba karas launinsa. Idan sanyi ya yi tsanani aikin dafa abinci yakan kusa tsayawa, amma rana ba ta daina haskawa ba, hasken da ba a yi amfani da shi ba kuwa yana iya ƙona ganyen daga ciki. Sai itacen ya rage kulorofil, ya dogara ga masu rawayan su zama masa garkuwa. Fayin da yawa suna yin haka kaɗan-kaɗan. Waɗannan zaɓaɓɓu kuwa suna yinsa fiye da kima, shi ya sa ake ganinsu daga nesa kamar fitila a cikin hazo. Ashe launin da ake sayensu dominsa, hanyar kāre kai ce daga wahala.

Akwai wani kuma da ba daga Turai ya fito ba, ana kiransa 'Chief Joseph'. Shi daga iyalin Pinus contorta yake. Wani mafarauci ne ya ci karo da shi a duwatsun Wallowa na jihar Oregon a Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1970, aka kuma ba shi sunan shugaban ƙabilar Nez Perce wanda ƙasar kakanninsa ke nan, wanda ya rasu a 1904. Masu lambu da yawa suna ganin babu wanda ya kai shi hasken rawaya a tsakiyar hunturu. Sai dai aurensa yana da wuya, da yawa ba su kamawa, girmansa kuma na hawainiya ne, domin bayan shekara 10 bai cika wuce tsayin mutum ba. Shi ya sa yake da tsada ƙwarai. Abin tunani a nan shi ne, kowane 'Chief Joseph' da ke cikin lambunan duniya a yau reshe ne daga wannan itace guda ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi na fari: a sayi itace da cikakken sunansa. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. A kantunan sayar da shuke-shuke akan jera ƙananan tukwane masu araha, an rubuta musu fayin na tsauni, wada. Yawancinsu daga iri aka shuka su, iri kuwa ba ya riƙe alkawari. A cikin tsirrai 100 wani zai tsaya a gwiwa, wani ya wuce rufin ɗaki, ba mai iya bambanta su suna cikin tukunya. Mai gida ya dasa a ƙarƙashin taga, bayan shekara 10 ko 15 itacen ya toshe tagar, ya cinye hanyar shiga gida, sai a kira mai gatari. Mu da muka san bambancin mangwaro mai aure da wanda ya tsiro daga ƙwallo a bola ba ma bukatar dogon bayani. Fayin ba ya yin saiwa da sauƙi idan an dasa reshensa, saboda haka hanyar da aka fi dogara da ita wajen samun 'Ophir' na gaske ita ce aure. Akan yi shi a ƙarshen hunturu a cikin ɗakin gilashi, a tsaga gefen ɗan tsiron fayin mai shekara 2 ko 3, mai allura bibbiyu kamarsa, a saka reshen a ɗaure, sa'an nan a yi renonsa wasu shekaru kafin ya isa sayarwa. Wannan aiki ne mai saye yake biya. Saboda haka a duba takardar da ke rataye a wuyan itacen, a ga sunan iyali da sunan zaɓaɓɓen irin, a duba tabon auren a gindi. In da hali a saye shi a tsakiyar hunturu, lokacin da launinsa ya fito, gama gani ya kori ji.

Sharaɗi na biyu shi ne a ba shi rana, a kuma bar shi cikin talaucinsa. Mun riga mun ga cewa sanyi da haske ne suke haɗuwa su fito da zinariyar. Wanda ya dasa shi a inuwar katanga zai sami kore mai dishi-dishi kawai, ya yi ta zargin mai sayarwa a banza. Yana bukatar aƙalla awa 6 na rana a yini, a kuma tuna cewa ranar hunturu a can tana tafiya ƙasa-ƙasa, inuwar gida takan yi tsawo fiye da ta watan Yuni. Game da ƙasa kuwa, abin da yake kashe wannan itace a lambu ba sanyi ba ne, ruwa ne da ya kwanta a gindinsa. Idan ƙasar laka ce, sai a tāda kunya a gauraya ta da tsakuwa. Ramin ya fi faɗi a kan zurfi, kada kuma a binne wuyan itacen fiye da yadda yake a tukunya. A shayar da shi a watannin zafi na shekara biyu na farko, bayan haka yakan nemi ruwansa da kansa. Idan aka ga wasu fararen zare a jikin saiwoyin lokacin da aka fid da shi daga tukunya, kada a wanke su. Wata irin fumfuna ce mai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da fayin, tana jawo masa ruwa da abinci daga ƙasa, shi kuma yana ba ta sukari. Takin zamani mai yawan naitirojin kuwa gāba yake yi da manufar mai lambu, domin yana sa reshe ya zuƙe, ganye ya yi kore shar, wato ya ɓata gajartar da launin duka biyu. Mai son dasawa a tukunya ya tabbata tana da huji, ya ɗora ta a kan 'yan duwatsu don ruwa ya tsiyaye.

Sharaɗi na uku shi ne a yi masa aski a kan lokaci, da hannu. A watan Mayu zuwa farkon Yuni kowane reshe yakan fitar da sabon toho mai laushi, a tsaye, wanda ake kira kyandir saboda kamanninsa. Dukan girman shekarar yana cikin kyandir ɗin nan. Kafin alluransa su buɗe, sai a sa yatsu a karya rabinsa ko kashi biyu cikin uku. A wurin da aka karya sababbin idanu za su fito, itacen ya ƙara cika, ya kuma tsaya a girman da ake so. An fi son yatsu a kan almakashi domin almakashi yakan yanke bakin alluran su bushe su yi ja. Masu lambun ƙasar Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan aiki a kan nasu fayin, reshe bayan reshe. Abin da ya sa lokaci yake da muhimmanci shi ne, irin wannan fayin ba ya sāke toho daga tsohon reshen da ba shi da ganye. Dalbejiya ko zogale idan aka sare su sukan tsiro da ƙarfi, shi kuwa inda aka datse nan ya tsaya, kututture ne har abada. Wanda ya yi sakaci shekara 8 ba zai iya gyarawa da zarto a rana ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban da waɗannan, hidimarsa kaɗan ce. Akwai wata tsutsa da take fitowa garke-garke a watan Afrilu da Mayu, tana cin alluran bara ta bar reshe kamar wutsiyar jaki. Wanda yake zagaya lambunsa zai gan su da wuri, ya tsince su da hannu, ba sai ya nemi feshi ba. Haka kuma a watan Oktoba tsofaffin alluran da ke can ciki kusa da gangar jiki sukan yi rawaya su zube bayan sun yi shekarunsu. Wannan ba ciwo ba ne. Sai dai a sa hannu a kakkaɓe su don iska ta riƙa ratsawa. Alamar da ya kamata ta tāda hankali ita ce idan bakin sababbin rassa ne yake bushewa.

Yanzu bari mu saurari masu sūka, domin suna da hujjoji, ba kuwa za mu raina su ba. Na farko suna cewa tsada ta yi yawa: da kuɗin wada guda ɗaya mai tsawon taƙi mutum zai cika kwando da furanni. Gaskiya ne. Amma furannin nan na wata uku ne ko huɗu, baɗi sai an sāke saye, a sāke dasawa, a sāke shayarwa. Wadan fayin sau ɗaya ake sayensa, yana kuma iya yin shekara 30 ko fiye a wuri guda, aikinsa bai wuce awa ɗaya ko biyu a shekara ba. Idan aka raba kuɗinsa bisa shekarunsa, shi ne mai araha. Bugu da ƙari, gidajen biranen Turai filinsu ƙanƙane ne, wani ma baranda kawai gare shi. A irin wannan wuri saurin girma ba alheri ba ne. Mai ƙaramin fili yana biyan kuɗi ne domin itacen da zai san iyakarsa.

Na biyu suna cewa itace mai rawaya kama yake da marar lafiya, sauran watanni kuma ba shi da wani abin kallo, har ila yau yayinsa ya wuce. A nan ma akwai ƙamshin gaskiya. A Ingila, a shekarun 1970, an yi yayin cika lambu da wadannin itatuwa masu allura, bayan da Adrian Bloom ya nuna abin da za a iya yi da su a lambunsa na Bressingham a yankin Norfolk. Mutane suka kwaikwaya ba tare da sanin abin da suke saye ba, itatuwan suka yi girma suka cunkushe, daga baya aka gaji da su aka yi ta tumɓukewa. Amma laifin na cunkoso ne da sayen itace marar suna. Maganin shi ne a dasa ɗaya ko uku, a wurin da za a gan su daga taga, a bayansu kuma a sa wani abu mai duhun kore domin zinariyar ta fito. A kusa da su a sa abokan da suke farkawa a lokaci guda, kamar Erica carnea, wata gajeriyar shuka mai furanni ja-ja daga Janairu zuwa Afrilu, wadda tun a duwatsun Alfs maƙwabciyar fayin na tsauni ce, ko kuwa Cornus mai jajayen tsumagu. Lambun hunturu na Jami'ar Kambirij, wanda aka shirya a 1979, ya daɗe yana nuna cewa haɗa launin ganye da na ɓawo da na fure yana jawo masu kallo a cikin tsananin sanyi. Game da rashin abin kallo a watan Yuli kuwa, a ganinmu wannan ba aibi ba ne. Lokacin da wardi yake fure ba a bukatar wada ya yi gasa da shi. Nasa zamanin yana zuwa sa'ad da kowa ya yi shiru.

Sūka ta uku ita ce mafi nauyi, mun kuwa yarda da ita. Itacen da yake jure wahala haka yana iya zama annoba idan ya sami ƙasar da ba mai tsare shi. A ƙasar Denmak, bayan kafa ƙungiyar gyaran fako a 1866, an dasa fayin na tsauni da yawa a yankin Jutland domin tsayar da rairayi da kāre sauran dashe. Daga baya ya bazu ya mamaye tuddan rairayin gaɓar teku, har ya zama ana kashe kuɗi wajen sare shi domin ciyayin asali su dawo. A Niyu Zilan abin ya fi muni. Itatuwa masu allura da suka tsere daga inda aka dasa su sun shafi fili wajen hekta miliyan 1.8, har gwamnati ta kafa shiri na musamman a 2016 domin yaƙi da su. Pinus contorta, iyalin 'Chief Joseph', shi ne kan gaba a ɓarnar, fayin na tsauni ma yana cikin jerin. Wada ɗaya a tsakiyar birni ba shi ne ya jawo wannan ba, amma wada ma yakan yi kwanso ya zuba iri, 'ya'yansa kuma ba lalle su gāji gajartarsa ba. Saboda haka goyon bayanmu yana da iyaka. Inda doka ta hana, ko inda lambu yake maƙwabtaka da daji ko tuddan rairayi, a haƙura da shi. Rigakafi ya fi magani.

Mun san wani ɗalibi zai tambaya, ko za mu iya dasa shi a nan? Amsarmu ita ce kada a ɓata kuɗi. Ko a kudancin Amurka mai zafi da laima fayin na tsauni ba ya jin daɗi, balle a nan. Sanyin Jos da muke kuka da shi a watan Janairu bai kai ya juya ganyensa zinariya ba, itacen kuma yana bukatar barcin hunturu na gaske kafin ya yi toho mai kyau. Fayin da ya karɓi ƙasarmu daban ne, wato Pinus caribaea mai allura uku-uku, daga yankin Karibiyan da Amurka ta Tsakiya, wanda ma'aikatan gandun daji suka dasa a Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tudun Jos domin katako. Shi dogo ne, ba na ado a tukunya ba. Abin da za mu iya ɗauka daga masu lambun ƙasashen sanyi shi ne tambayar da suke yi kafin su haƙa rami: yaya wurin nan zai kasance a watan da ya fi kowane wuya? Namu watan shi ne Maris da Afrilu, amsarmu kuwa tana cikin itatuwan da suka san rani.

A taƙaice, wadan fayin abin dasawa ne ga mai zama a ƙasar sanyi wanda yake da ƙaramin fili da dogon haƙuri. Ya saye shi da sunansa, ya ba shi rana da tsakuwa, ya karya masa kyandir a watan Mayu, ya kuma tabbata ba zai tsere ya zama wa maƙwabta kaya ba. A shekara ta farko da ta biyu baƙi za su wuce shi ba su lura ba, wataƙila har su yi wa mai gida dariya a kan abin da ya biya. Amma a shekara ta goma, a wata safiyar Janairu mai hazo, shi kaɗai ne zai kasance da launi a lambun, yana nan daidai inda aka sa shi, bai toshe taga ba, bai tare hanya ba. Wasu daga cikin ɗalibanmu karatu ko aiki zai kai su waɗannan ƙasashe wata rana. Idan kuka tsaya a gaban jerin tukwane, mai araha a hagu, mai suna a dama, ku tuna da maganar magabata cewa araha ba ta ado, sannu kuma ba ta hana zuwa.